Shawarwarin zaman ikilisiya kan dashen bishiya

Bayan sujada, 'yan'uwa na cocin Methodist a ƙasar Zuru sun zauna da manoma da malaman gona kan sauyin yanayi, kuma maganar dashe ce ta cinye zaman.

A zaman an ce a jira damina ta kankama, wajen Yuli, kafin a dasa. A haƙa rami mai faɗi da zurfin kamu ɗaya, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A yage ledar da dashen ya zo a ciki, don saiwa na nannaɗewa a ciki bishiyar ta tsumbure. Abin da ya fi kashe dashe, kuma nan ne muke sakaci, awaki ne da rani. Saboda haka a kewaye kowane da ƙaya, kowane dashe kuma a ɗora wa gida ɗaya alhakin zuba masa bokitin ruwa sau biyu a mako har ruwan sama ya dawo. Darbejiya ta dace da harabar coci, gawo kuwa da gona.

Zumuntar mata ta nemi a koyi gina murhun laka mai rage cin itace, a kuma kwashe ledoji daga magudanai tun kafin Agusta.