Musayar waƙa: wane fim ne gwaninka?

Kawun Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Yau fim za mu taɓa, kowa ya faɗi gwaninsa da dalili amma fa da baiti, ban da dogon turanci. Ni zan fara tunda na girme ku duka.

Ni silima ta raine ni tun ina yaro,
Orion da Plaza, can na ƙarar da kuɗin aro,
Ba rufi sai sama, ga sanyi ga kuma sauro,
Duk muna jurewa don mu kalli Indiya.

Sholay ne gwanina, na 1975,
Wa ya gan shi ya manta da mugu Gabbar?
Ya datse hannun Thakur duka biyu ba tausayi,
Mu ko muna zaginsa daga benci ba ma shayi.

Dharmendra, Sarkin Ƙarfi muka raɗa masa suna,
Amitabh ya mutu a ƙarshe, muka fito zuciya na ƙuna,
Ba ma jin yarensu ko kalma ɗaya wallahi,
Amma mun san mai gaskiya, mun san mai laihi.

Ku ko yaran yanzu kun ɗau waya kun shige ɗaka,
Kowa ya toshe kunne, wai kallo kenan haka?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Kawu, barkanku da hutawa. Ku yi haƙuri fa zan ɗan taɓa ku, don wannan silimar da kuke yabo mu mata ba mu san cikinta ba.

Kawu kun yabi silima, to mu faɗi gaskiya,
Wace 'yar mutunci ce ta shiga ta fito lafiya?
Ko leƙe ta yi, gobe a ce ta zama 'yar duniya,
Mu muna gida, labarin fim sai a bakin Yaya.

Sai da kaset ya shigo sannan muka san kallo,
A aiki yaro shagon haya in ya taso makarantar allo,
Ɗaki ya cika da maƙwabta, mai goyo da mai tsohon ciki,
Tuwo ya ƙone a murhu, maigida ya dawo ana ta raki.

Turmin Danya ya buɗe ƙofa a 1990,
Daga nan Kano ta ɗauka, kowa da nasa fim ɗin.
Ni dai Sangaya ce tawa, ba na canjawa har gobe,
Ko dubu aka jera, ita zan ba ƙuri'a ran zaɓe.

Ali Nuhu yana saurayi, Fati Muhammad na tashe,
Waƙar a gidan biki, a tasha, a shago, ba ta da ƙarshe.
Ku ce kwaikwayon Indiya ne, eh mun ji mun yarda,
Amma ko kakata ta gane zancen ba sai an karanta mata takarda.

Auta Mai Data:
Kawu ina wuni, Anti ina wuni. Ni fa wlh ban taɓa ganin kaset yana aiki ba sai dai wanda ke cikin kwalin tarkacen Mama hhh, amma tunda an tsokano mu 'yan waya dole in kare gida

Kawu ku bar zagin waya, ita ce silimar talaka,
Ba tikiti ba layi, ba ɗan daba ya taka ka,
Mai turi ya cika maka memori ka jefa a aljihunka,
Ko an ɗauke wuta kallonka na nan a hannunka.

Ni Labarina nake bi, na Malam Aminu Saira,
In an saki sabo, ko tuwo ne sai dai ya jira,
Hoto tas, sauti tas, kyamara ta zamani,
Ba irin na da ba, fuska duhu sai ka ce aljani.

Ku kun shekara kuna kallon Indiya kuna canka,
Mu Algaita ta fassara mana, har zagin bos ya shiga kunnenka.
Anti kuma Alinku na Sangaya ai ya zama babba,
Tun 2024 shi ke riƙe da hukumar fina-finai ta ƙasa, ba ku ji ba?

Kawun Fagge:
Auta ɗan nema, zo nan.

Fassarar nan taku ni dai ba ta kwanta min ba,
Ba'indiye da ɗigo a goshi yana Kananci, ban saba ba,
Wurin da ya kamata a yi kuka sai su cusa barkwanci,
An ba ku ma'anar magana, an ƙwace muku ɗaci.

Ke kuma Maman Khalifa maganarki tana kan hanya, ba a barin mata, wannan haka yake. Mu kanmu maza in tsoho ya ji ka je silima sai ka kwana a soro.

Mai Chainis:
Ku tsaya ku tsaya jama'a, wato an yi Indiya an yi Hausa an manta da mu 'yan Chainis ko, to ba za ta saɓu ba

Ku bar ni da Bruce Lee, siriri mai zafin nama,
Enter the Dragon ya fito a 1973, bayan ya bar duniya ma,
Ana tashi daga kallo kowa a lungu ya zama gwani,
Na gwada tsalle da ƙanina ya gurɗe hannu, ranar aka zane ni.

Jackie Chan ya zo da maye a Drunken Master,
Yana tangaɗi yana jibga, dariya har ƙwalla ta fita.
Mu dokar kallonmu guda ce, akta ba ya mutuwa,
Sai dai a kashe masa malami, ya hau dutse ya koyo ramuwa.

Kawu naku aktan ya mutu kun fito kuna jimami,
Wannan ai asarar kuɗin shiga ce, har da na gyaɗa da lemun tsami.
Yanzu da girma ya zo Ertugrul nake bi,
Turkawa bisa dawaki, ga salla ga takobi.

Bazazzagiya:
Mai Chainis ka ba ni dariya, Allah ya ba ƙaninka haƙuri. Ni da Auta nake, ƙanina matso kusa, wannan fim mai dogon zango da kuke ta kurantawa ni kam ya ishe ni, ba wai ba na kallo ba ne ina kallo amma da haushi nake kallo.

Fim mai dogon zango ya mai da mu 'yan jira,
Abin da zai ƙare a awa biyu, a shekara ana ja ana ƙara,
Minti goma ana gaisuwa, minti goma ana shan shayi a falo,
Talla ta katse, filaye da maganin basir, a dawo an canza salo.

Da mai shirya fim kaset yake kaiwa Ƙofar Wambai,
Dole ya ƙulla ya kwance, kashi na ɗaya da na biyu kawai,
Satar fasaha ta kashe CD, YouTube ta zama kasuwa,
Can kuwa yawan masu kallo ne kuɗi, shi ya sa ba a son gamawa.

Ban ga laifinsu duka ba, kowa abinci yake nema,
Amma jaruma ta yi aure a tsakiya, a sauya fuska, mu haɗiye mu ma.
Ni Wasila ce tawa, don ta taɓo abin da ake ɓoyewa,
Cin amanar aure ƙiri-ƙiri, aka kalla ana ta musu ba gamawa.

Auta Mai Data:
Anti Bazazzagiya kin ce ya ishe ki amma na tabbata ko sati ɗaya ba kya tsallakewa hhh

Mai ƙorafi ya fi kowa zuwa da wuri,
Ana saki kin danna, kin riga mai turi.

Bazazzagiya:
Rufe min baki mara kunya, to in ban kalla ba ta ina zan san abin da zan soka.

Maman Khalifa:
Ku bar faɗan nan ku ji abin da ya same ni. Kwanaki na ce bari in nemo irin finafinanmu na da a waya in tuna ƙuruciya, ina zaune ni da 'yata budurwa muna kallo, ita tana ta tausayin saurayi da budurwa ni kuwa sai na ji bakina yana faɗin wani abu daban, har ta juyo ta ce Mama ke fa wa kike goyon baya ne

Na sake kallon finafinan da a waya,
Sai na tarar zuciyata ta juya musu baya,
Da in uba ya hana aure, in ce tsohon nan ya cika tsiya,
Yanzu 'yata ta tasa, sai ga ni ina cewa Alhaji kana da gaskiya.

Yaron nan mai waƙa a lambu, mece ce sana'arsa?
Wa ya bincika gidansu, wa ya san halin ubansa?
Daga iya murya da gyaran gashi sai a ɗauki 'ya a ba shi?
In an kai ta ɗaki waƙar za su ci, ko kuwa bashi?

Ba shiri na tsinci kaina a layin surukai,
Ana rera soyayya, ni ina tambaya zai iya akwati bakwai?

Mai Chainis:
Hajiya wannan baiti na bashi ya kashe ni. Nima fa haka, da bos ne abokin gabata, yanzu mai shagon da ake farfasa wa kaya a wurin faɗa shi nake tausayi, wa zai biya shi.

Kawun Fagge:
Maman Khalifa barka da shigowa layinmu, akwai wuri a tabarma.

Ni ma da nake cika baki da Gabbar da bindiga,
Yanzu ƙarar harbi in ta yi yawa sai in ce a rage, kaina ke bugawa daga-daga,
Daɗin Kowa nake zama in kalla a Arewa24 da iyali,
Rigimar gidan haya da ta kishiyoyi, abin da na sani a zahiri ba a hoto ba na kwali.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, gaisuwa daga Zinder. Tun ɗazu nike karatu ina jira wani ya ambaci mutumina, shiru, to ni bari in faɗa.

Kun yi ta soyayya da faɗa, kun mance mai sa dariya,
Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙan mazan jiya,
Kaset ya taso Kano, ya bi Daura, ya ƙetare iyaka lafiya,
Kafin sati ya zagayo, Zinder ta haddace shi gaba ɗaya.

Yau shi ne boka, gobe direba, jibi ɗan siyasa,
Bai buɗe baki ba ma tsofaffi sun faɗi ƙasa,
Mai fushi da matarsa ya zauna, su yi dariya tare su shirya,
Wane Ba'indiye ya taɓa yi muku wannan, ku faɗa ban da ƙarya.

Ya rasu a Disambar 2014,
Har yau ban ga magajinsa ba daga arewa har kudu.
Kawu ku da kuka ga jiya kuka ga yau, ku raba gardama,
Akwai wanda ya kamo Ibro a ban dariya, ko a da ma?

Maman Khalifa:
Allah sarki Ibro, Allah ya jiƙansa. Ka tuna min da Ahmad S. Nuhu da Hauwa Ali Dodo, shi 2007 ita 2010, dukkansu hatsarin mota kuma dukkansu ranar 1 ga Janairu, lokacin Ahmad 'yan matan layinmu har abinci suka kasa ci. Allah ya gafarta musu baki ɗaya.

Auta Mai Data:
Amin Anti. Amma Yaya na Zinder ka ce babu magaji, Gidan Badamasi fa?

Tsoho mai kuɗi da 'ya'ya kowa na jiran gado,
Ka kalla ka dawo, in ba ka yi dariya ba ni zan biya ka kuɗin data da kuɗin ado.

Ɗan Damagaram:
Na gani ƙanena, sun iya, amma su gayya ne shi ko shi kaɗai ne. Kawu nike jira.

Kawun Fagge:
To ga ni.

Ɗan Damagaram ka tambaya, buɗe kunne ka sha,
Ibro gwani ne, amma ya tarar da manya a tasha,
Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi,
Tsohon soja ne na gaske, ba kakin aro ba na bogi.

Hausar bariki a bakinsa, ya murɗe ta ya gwama da Turanci,
Ya daka wa kurtu tsawa, mu muna tsugune gaban talabijin ɗin maƙwabci,
Ga Ƙasimu Yero a Karambana, shi ma Allah ya jiƙansa,
Ba waƙa ba rawa, magana kawai ce jarinsa.

Samanja ya riga mu gidan gaskiya a 2023,
Ku nemo shi ku kalla, sannan ku zo in saurare ku.

Ɗan Damagaram:
Kawu da girmanku amma ban yarda ba, soja ai tsoro ya sa kuka yi mai dariya. Auta nemo mana Samanjan ka turo, gobe bayan isha'i zan zo da amsa.