Kayan sautin falo na hannu: in saya ko in haƙura?

Baban Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abokin aikina zai tashi daga gidansa, yana so ya rabu da kayan sautin falonsa gaba ɗaya: risiba (akwatin da ke karɓar sauti ya raba wa lasifiku) mai 7.1, wato mai ɗaukar lasifika bakwai da wufa ɗaya, da ya saya sabuwa a 2012, lasifika biyar, da wufa ɗaya (lasifikar nan mai fitar da kaurin sauti) mai amfilifayarta, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ciki. Rimot ya ɓata, ƙaramin makirufon nan da ake auna ɗaki da shi ma babu. Ya yi min kuɗi rabin abin da zan kashe in da sababbi zan haɗa, kuma ya ce ba zai sayar da su ɗai-ɗai ba. Talabijin ɗina 4K ce, bara na saye ta. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, risibar 2012 za ta yi aiki da ita kuwa? Ranar Asabar zai kwashe kaya, ina so in ba shi amsa kafin nan.

Sauƙi Ya Fi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, me ya kai ka jan waya a bango? Sayi doguwar lasifikar nan guda ɗaya da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, sabuwa da garantinta, ka huta.

Mai Gyara: Malam Baban Biyu, za ta yi aiki, amma ba ta hanyar da aka saba ba. Risibar wancan lokacin HDMI 1.4 gare ta (HDMI ita ce mahaɗar da hoto da sauti ke bi), ba ta da HDCP 2.2, wato makullin da finafinan 4K ke nema kafin su yarda su fito. In ka bi da hoto ta cikinta, ko dai ya sauka zuwa 1080 ko allo ya yi baƙi. Dabara ita ce ka jona duk na'urorinka a jikin talabijin kai tsaye, sauti kaɗai ya dawo wa risiba. Duba bayanta, in ka ga an rubuta ARC (hanyar da sauti ke dawowa daga talabijin) kusa da mafitar HDMI, shi ke nan. In babu, kebul ɗin haske (optical) zai kawo maka sautin Dolby Digital 5.1, na lasifika biyar da wufa, lafiya lau. Atmos, tsarin da ke sa ka ji sauti har daga sama, shi ne kawai ka cire a ranka, don sai 2014 ya fara shiga risibobin gida.

Abu Hanan: Ni dai ina roƙonka da girman Allah kada ka saya. Shekara biyu ke nan da na faɗa wannan rami, na sayi risiba ta hannu. Na je gidan mutumin da kaina, ya kunna min, sauti kamar ya tsaga bango, na saurara minti biyar na biya. Daren farko mun zauna da iyali, fim ya yi wajen minti arba'in, sai sauti ya ɗauke. Na kashe na kunna, ya dawo. Bayan minti goma ya sake ɗaukewa. Ashe allon HDMI ɗin da ke cikin risibar ne ya gaji, sai ya ɗau zafi ciwon yake tashi, shi ya sa gwajin minti biyar bai nuna komai ba. Na kira mai kayan, ya ce a hannunsa ƙalau take. Na sake kira, bai ɗauka ba. Na kai wa mai gyara na farko, ya hura mata iska mai zafi, ta yi sati uku ta koma gidan jiya. Na biyu ya riƙe ta wata huɗu yana jiran allo daga waje, da ya zo ba irin nata ba ne. Ranar da na karɓo ta, yarana har tsalle suke, na jona, ko fitilar gaba ba ta kama ba. Abin da na kashe a gyara da zirga-zirga ya kusa kuɗin sabuwa. Har yau tana saman kabad, duk na ɗaga kai na gan ta sai raina ya ɓaci.

Uwar Gida: Subhanallah. Allah ya mayar maka da alheri, Abu Hanan. Shi mai kayan ya san da ciwon, ba shakka.

Abu Hanan: Amin, Hajiya. Ya sani mana. Da na tuna, kafin in iso a kashe take, kuma yana ta gaggawar in tafi wai yana da baƙi.

Tsohon Hannu: Abu Hanan, a ina ka ajiye ta a gida? In cikin akwatin katako ne mai ƙofa, babu iska, to kai ma da hannunka a ciki. Waɗannan na'urori suna son sarari a samansu.

Abu Hanan: Baba, daren farko fa ta fara. Akwati ne zai kashe ta cikin minti arba'in?

Ɗan Lissafi: Ku bar wannan tukuna. Rabin kuɗi a kayan 2012 tsada ne ƙwarai. Risibar da ta haura shekara goma, ba rimot, ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabuwa ba zan biya ba.

Tsohon Hannu: Kai yaro, risiba kake yi wa kuɗi, ka manta da lasifika shida. Lasifika mai kyau ba ta faɗuwa haka. Nawa na gaba guda biyu na hannu na saye su a kan kashi biyu cikin uku na kuɗinsu, yau shekara goma sha biyar ina jin su, ban yi da-na-sani ba ko sau ɗaya. Rabi araha ne in lasifikan na kirki ne.

Ɗan Lissafi: Ni kuma ƙanena ya sami cikakken 5.1 a kan kwata. To wa za a bi?

Mai Gyara: Ya danganta da wane irin 5.1. Akwai waɗanda ake sayarwa a kwali ɗaya da na'urar faifai, lasifikansu galibi om 3 ne ko 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta), wufarsu ba ta da amfilifaya, bakin wayarsu ma na musamman ne. Ka ɗora su a risibar da aka yi don om 6 zuwa 8, ka ƙure murya, sai ta riƙa kashe kanta. Waɗannan ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Baban Biyu, ka je da fim ɗinka, ka bar ta tana aiki awa ɗaya cur, ka gwada kowace kafar HDMI. Cire ragar gaban kowace lasifika ka duba zoben da ya kewaye takardar nan mai girgiza da ke fitar da sauti. In soso ne kuma yana marmashewa a yatsa, ya ruɓe. Danna takardar a hankali da yatsu, in ka ji tana gogar wani abu a ciki, ta taɓa ƙonewa. Sa kunnenka a kan 'yar ƙaramar ta sama ka tabbatar tana fitar da siririn sauti, don ita ke fara mutuwa kuma mutane ba sa lura. Sannan karanta bayan risibar: wadda aka yi wa Amurka wuta mai volt 120 take sha, ta Japan 100, ta Turai 230. In ba ta dace da wutar gidanka ba, sai da taransifoma.

Abu Hanan: Da girmamawa, Malam, amma shawarar mai gyara a kan sayen tsohon kaya ai kamar tambayar mai kaza ne ko a ci ƙwai. Mu da muka ƙone mu ya kamata a saurara.

Mai Gyara: Ɗan'uwa, kai guda ɗaya ka saya. Ni kullum cikinsu nake buɗewa. Da son ciniki nake, da ban gaya masa yadda zai gane mai ciwo ba.

Tsohon Hannu: Ku biyun duk ba ku yi maganar kunne ba. Na'urar awo ba ta jin daɗin sauti. Wanda ya shekara talatin yana saurare ya san abin da takarda ba ta faɗa.

Na Bene: Ni tambayata ɗaya ce: Baban Biyu, ka nemi izinin maƙwabcinka kuwa? Wufa fa ba mai ita kaɗai take yi wa aiki ba, har kwanukan gidan da ke kusa sai sun yi rawa.

Uwar Gida: Na Bene ka sa ni dariya, amma ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu namu sabo ne ma, amma ba na jin maganar 'yan fim. Sai na ƙara murya don in ji me suke cewa, can mota ta fashe, jariri ya farka da kuka. Rimot ba ya barin hannuna har fim ya ƙare.

Sauƙi Ya Fi: Wallahi ni ma haka. Yanzu sai da rubutun ƙasa nake kallo, ko da harshen da nake ji ne.

Mai Gyara: Hajiya, kusan duk magana daga lasifikar tsakiya take fitowa. Shiga saiti ki ƙara mata lamba uku ko huɗu ita kaɗai, sannan ki kunna yanayin dare, shi zai rage tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa. Kuma kada ta kasance a cusa cikin kabad, a fito da ita bakin tebur tana kallon kunnenki.

Tsohon Hannu: Laifin masu haɗa fim ne. Don babban ɗakin silima suke tsara sautin, mu kuma a falo muke da yara suna barci. Finafinan da, ko da lasifika ɗaya kana jin kowace kalma.

Ɗan Lissafi: Ba su kaɗai ba, Baba. Talabijin ta zama kamar faifai don sirantaka, ina za a sa lasifikar kirki a ciki? Sun rage mata sauti, sun ce mu je mu sayi wani akwati.

Baban Biyu: Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Na je na duba, akwai ARC, kuma wutarta daidai da tamu. Ya yarda in zauna awa ɗaya gobe. Saura abu ɗaya da ba wanda ya taɓa: makirufon da ya ɓata. In na sami na wani kamfani zai yi, ko dole sai irin nata? Kuma ba rimot, zan iya shiga saitin daga maɓallan gaba?

Uwar Gida: Malam Mai Gyara, na ƙara lamba uku, maganar ta fito, amma yanzu muryar maza kamar daga cikin tulu. Me na taɓa?