Wai mi yas sa mashinan Japan ka cin gasa amma ba a jin mahayansu?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da marece muna zaune garejin wani abokina nan Mabera ana wanke min kabireta, yaron shago ya kunna tseren mashin a waya, wanga da aka kira MotoGP, sai gardama ta tashi. Ni na ce mashinan Japan su ne sarakunan abin tun can da, shi ko ya ce to in haka ne in faɗa mai ɗan Japan guda da ya taɓa zama zakaran duniya, wallahi shiru na yi har sai da sunka yi min dariya. Honda tasu, Yamaha tasu, Suzuki tasu, to ina mahayan? Masana ku taimaka don gobe zan koma ɗaukar mashin.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam ɗana. Yaron ya ci rabin gaskiya ne. A babban aji, wato na 500cc da daga baya ya koma MotoGP, babu ɗan Japan da ya taɓa ɗaukar kambun duniya har yau, wanda ya kusa shi ne Tadayuki Okada da ya zo na biyu a 1997 bayan Mick Doohan. Amma ƙananan azuzuwa akwai su. Takazumi Katayama ya ci na 350cc a 1977 bisa Yamaha, Tetsuya Harada ya ci na 250cc a 1993.

Kuma ku yara ku san mutanen ga daga ƙasa sunka taso. A 1954 Soichiro Honda ya fito ya ce kamfaninshi zai shiga tseren TT na tsibirin Man kusa da Ingila, lokacin turawa ba su ma ɗauki mashin ɗin Japan bakin komi ba. Sai 1959 sunka samu zuwa da 'yan ƙananan 125cc, Naomi Taniguchi ya zo na shida, sunka koma gida da kyautar ƙungiya. Shekara biyu kacal, 1961, Honda ta kwashe kambun 125 da na 250, amma duba su wa sunka hau: Tom Phillis ɗan Ostareliya da Mike Hailwood ɗan Ingila. To nan abin ya faro, kamfani na son nasara, duk wanda ya fi iya murɗa totur shi za a ba mashin ko daga ina yake. Kamar mai kabu-kabu ne da ke ba da mashin balas, ba ɗan uwa yake nema ba.

Yarima Runjin Sambo:
Baba ka manta da Suzuki ko don kai ɗan Honda ne hhh. Mitsuo Itoh ya ci TT na 50cc a 1963 bisa Suzuki, kuma shi kaɗai ne ɗan Japan da ya taɓa cin TT. Sirrin injin nasu mai shan fetur haɗe da baƙin mai kuwa ai wani bajamushe Ernst Degner ne ya gudo daga Jamus ta Gabas a 1961 ya kawo musu, a 1962 ya ci musu kambu. Irin injin tsohuwar Suzuki mai hayaƙi da babanmu ke zuwa Wamakko da ita ke nan, ka ji ƙararta tun daga bakin titi.

Hajara Arkilla:
Ni wanda ke ba ni tausayi Daijiro Kato ne. Ya ci kambun 250cc a 2001, kowa na ganin shi zai karya wannan ƙaddarar a babban aji, sai ga hatsari a Suzuka 2003, filin da Honda da kanta ta gina a 1962, ya kwanta kusan sati biyu bai farfaɗo ba ya rasu. Lamba 74 da yake sakawa an ajiye ta, kuma tun daga nan MotoGP ba ta sake komawa Suzuka ba sai filin Motegi. Ga Norifumi Abe ma wanda Valentino Rossi, shahararren mahayin Italiya, yana yaro ya so shi har yana kiran kanshi Rossifumi, shi kuma hatsarin titi ne ya ɗauke shi a 2007.

Tsohon Bakanike:
Yarima ban manta ba, hayaƙin Suzuki na shaƙe shi ya fi shekarunka. Amma Ɗan Mabera kar ka je gobe kana cika baki, Ducati ta Italiya ta riƙa jan zare tun 2022 har 2025, Suzuki ma ƙarshen 2022 ta tattara kayanta ta bar MotoGP. Kamar yadda Boxer da Jincheng sunka cinye muna kasuwa nan Sakkwato, yau ka nemi fistin na Yamaha na asali ka ga wahala.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai Baba, Allah shi ƙara girma. Na kuma gano Ai Ogura ya ci Moto2, wato ajin da ke ƙasa da MotoGP, a 2024, da shi da Katayama zan fara. In ya ce babban aji yake nufi sai in ce ai ba haka ya ce jiya ba, akwai shaidu.