Muhawara: Hasumiya Ta Ce Sauka, Na'ura Ta Ce Hau, Wa Matuƙi Zai Bi?

Daga zauren 'yan asalin garinmu, ƙaramar hukumar Jahun

Kawu Direba: Salamu alaikum. Nasiru ya yi wata magana jiya a majalisa, har yanzu ta ƙi shiga kaina. Wai idan jirage biyu suka nufo juna a sama, jami'in hasumiya mai kula da zirga-zirgar jirage ya ce wa matuƙi ya yi ƙasa, na'urar kauce wa karo ta cikin jirgi kuma ta ce ya yi sama, to dole na'ura zai bi. Ni dai ban yarda ba. Duk direban da ya san Kano ya san in ɗan sanda na tsaye a danja yana ba da hannu, hannunsa ake bi ko da wuta ta nuna ja. Yaushe ƙarfe ya fi mutum hankali?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ina bayanka, Alhaji. Mai hasumiya duk jiragen yankinsa yake kallo a allo, ita kuwa na'ura na kusa da ita kaɗai ta sani.

Nasiru: Allah Ya ƙara girma, Kawu. Ba gardama nake ba, doka ce, haka ake koyarwa a kwalejin jiragen sama ta Zariya. A tafiyar yau da kullum mai hasumiya ne ke da iko, babu ja. Shi ke raba jirage, ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, masu zuwa gabas a hawan mara, kamar ƙafa 35,000, masu zuwa yamma a hawan cika, kamar 36,000. Ita na'urar kauce wa karo, Tikas, ba ta ba da umarni sai wannan tsarin ya riga ya lalace, saura kamar daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka a haɗu. Jirage biyu masu fuskantar juna suna cinye kusan rabin kilomita a daƙiƙa guda. Kafin jami'i ya danna rediyo ya kira lambar jirgi, matuƙi ya maimaita masa, an gama.

Kawu Direba: Gudu kawai ka faɗa min. Mai sauri ma yana kuskure.

Nasiru: To Kawu, ga ainihin wurin. Na'urorin jiragen biyu suna magana da juna. Idan ta wannan ta ce hau, ta wancan sauka za ta ce, sun riga sun daidaita. Mai hasumiya ba ya jin wannan yarjejeniyar sai matuƙi ya sanar da shi. Abin da ya faru ke nan ranar 1 ga Yuli, 2002 a kudancin Jamus, kusa da iyakar Suwizalan. Jirgin fasinja na Rasha da jirgin kaya na DHL suna a tsayi ɗaya. Na'ura ta ce wa na DHL ya sauka, ya sauka. Ta ce wa na Rasha ya hau, amma jami'i ya riga ya ce masa ya sauka, sai ya bi jami'i. Duk biyun suka yi ƙasa tare suka haɗu. Mutum 71, fiye da rabinsu yara ne masu tafiya hutu Sifaniya. Bayan nan ne hukumar jiragen sama ta duniya ta fito ƙarara ta ce in umarni biyu sun ci karo, na na'ura ne a gaba.

Yaya Hajara: Innalillahi. Shi jami'in barci yake yi?

Nasiru: A'a Yaya. Shi kaɗai aka bari da allo biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa, ana gyara a daren har layin wayarsu ba ya aiki. A 2004 wani mutum da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a jirgin ya bi shi har gida ya kashe shi.

Malam Habu: Allah Ya kyauta. Amma Nasiru, kada ka tafi Turai ka bar namu na gida. Ina koyarwa lokacin da jirgin kamfanin ADC ya taso daga Fatakwal zuwa Legas, 7 ga Nuwamba, 1996. Na'urar nan ce ta yi ihu, matuƙi ya kauce wa wani jirgin, nasa ya kife ya faɗa ruwa a Ejirin, kusa da Legas. Mutum 144, har da Farfesa Claude Ake. Da na'urar ta yi shiru fa?

Nasiru: Da ta yi shiru, Malam, wataƙila jirage biyu za a yi makoki. Kuma Tikas ba ta taɓa cewa a karkata dama ko hagu. Sama ko ƙasa kaɗai take cewa, a hankali, yadda fasinja ma da ƙyar zai ji a jikinsa. Karkatar da ta wuce kima ce ta kifar da jirgin. Kwana biyar bayan nan jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi karo kusa da Delhi, rai 349, babu mai Tikas a cikinsu. Dalilin da Indiya ta wajabta ta ke nan.

Malam Habu: Ka ga ashe maganarmu ta dawo kan mutum. Na'ura ta yi gargaɗi, hannun da ya firgita ne ya yi aika-aika. Horo ke nan, ba ƙarfe ba.

Yaya Hajara: Ni tambayata daban ce. Karon da aka yi a Washinton a Janairun 2025, jirgin fasinja da helikwaftan soja, mutum 67. Amurka ce fa. Ina na'urar take?

Nasiru: Tana nan, amma ƙasa da kamar ƙafa 1,000 ba ta ba da umarnin hawa ko sauka, don kada ta tura jirgi ya daki ƙasa. Su kuwa dab da sauka suke. A nan aiki na hasumiya ne da idon matuƙi.

Kawu Direba: Yauwa! Inda aka fi cunkoso, bakin filin jirgi, nan ta naɗe hannu ta bar wa ɗan Adam.

Auwalu Mai Shinkafa: Ku gafarce ni manya. Ƙaramin jirgin da ke zuwa feshin jan-baki a fadamar Haɗeja, wanda ke shafar kan bishiya, shi ma jirgin alhazai da ya taso daga Dutse yana ganinsa?

Nasiru: Sai in ya kunna na'urar da ke bayyana inda yake da tsayinsa. In a kashe take, Tikas makauniya ce a kansa. A Barazil a 2006 ta wani ƙaramin jirgi a kashe take, ya yanki fiffiken babban jirgin fasinja, mutum 154 suka rasu.

Kawu Direba: To wa ke kunnawa, wa ke kashewa?

Malam Habu: Alhaji, an kira La'asar. Nasiru, ka shirya mana amsa kan jirage marasa matuƙa da yara ke ɗaukar hoton biki da su, don can ma ban ga abin da Tikas ɗinka za ta tsinana ba.