Neman Shawara: Iguwanar Ƙanena Ta Daina Cin Abinci Tun Shigowar Hunturu

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda ya san kiwon iguwana ya taimake ni da shawara, domin hankalina a tashe yake. Dabbar ta ƙanena ce, ya saye ta a Legas tana 'yar ƙarama lokacin da yake hidimar ƙasa. Da ya samu gurbin ƙaro karatu a waje, mahaifiyarmu ta ce ba za a bar mata ƙadangare a gida ba, yayarmu kuma ta ce mijinta ba zai yarda ba, shi ya sa aka kawo min ita nan unguwar Rayfield a Jos, alhali ni ma sai da na sha fama kafin maiɗakina ta amince. Amana ya damƙa min, kuma ba ya kiran waya ya ajiye bai tambayi lafiyarta ba. Tun da sanyi ya shigo ta rage cin abinci, yanzu kuma ta daina gaba ɗaya. Launinta ya yi duhu, ba ta hawa reshenta, ƙafafun baya sun kumbura, wani lokaci kuma yatsunta suna rawa. Yaya zan yi?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. A ganina ƙarfi ne ya ƙare mata, tunda 'yar uwar damo ce, kuma kowa ya san damo da shan ƙwai da cin fara. Ka dafa ƙwai ka ba ta, za ta miƙe.

Malam Ɗanjuma: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan shawarar tana iya kashe ta. Damo da guza masu cin nama ne, amma koriyar iguwana ganye take ci, kuma asalinta dazuzzuka masu zafi da laima na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, daga Meziko har Barazil. Ƙwai da nama suna lalata mata ƙoda. Baban Ilham, ka bar muhimman abubuwa ba ka faɗa ba: a ina take kwana, wace fitila ke kanta, me kake ba ta, kuma mace ce ko namiji?

Baban Ilham: Malam, tana cikin akwatin gilashi a falo, daf da taga, rana tana haska ta kowace safiya, don haka ban ga dalilin sayen fitila ba. Ina ba ta latas da kabeji da ayaba, jefi-jefi kuma abincin kyanwa na gwangwani, kamar yadda mai sayarwar ya gaya wa ƙanena.

Malam Ɗanjuma: To ga ciwon nan ka faɗa da bakinka. Iguwana tana buƙatar hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, domin jikinta ya samar da bitamin D3, wanda idan babu shi ba za ta amfana da kalsiyam ɗin da ke cikin abinci ba, gilashin taga kuwa yana tare wannan hasken, ɗumi da haske kawai yake bari su wuce. Idan jiki ya rasa kalsiyam sai ya riƙa zarar na cikin ƙashi, ƙasusuwa su yi laushi, ƙafafu su kumbura, yatsu su riƙa rawa, daga baya haɓa ta yi taushi har ta kasa tsinkar ganye. Na biyu shi ne sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 na Selsiyas da dare, alhali wannan dabba tana son wurin shan ɗumi mai digiri 35 ko sama kaɗan da rana, da dare kuma kada ya gaza 22 ko makamancin haka. Ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjinta ne suke narkar da ganye, su kuma ba sa aiki cikin sanyi. Latas kusan ruwa ne zalla, ayaba kuma tana da fosfaras fiye da kalsiyam. Ka je kasuwar Farin Gada ka nemi zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, kabewa da koren wake, ka yayyanka ƙanana, alayyafo kuwa ka taƙaita shi domin yana ɗaure kalsiyam. Abincin kyanwa ka daina yau. Sannan ka kai ta wurin likitan dabbobi a ɗauki hoton ƙashinta, domin ciwon da ya kai ga rawar yatsu ya wuce gyaran abinci kaɗai.

Alhaji Mai Kaji: Malam, fitila tana aiki ne idan akwai wuta. A hunturun bara 'yan tsakina suka mutu cikin dare ɗaya saboda an ɗauke wuta, ga kuɗin fetur ya fi ƙarfin talaka, kuma har yau ba wanda ya biya ni asarata. Ni kaskon gawayi nake sakawa yanzu, shi ma ya gwada hakan a falon.

Malam Ɗanjuma: Alhaji, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ke kashe mutane cikin barci, balle a falon da yara ke zama. Idan an ɗauke wuta, ya cika gora da ruwan zafi, ya naɗe ta da tawul ya ajiye a gefe, ya lulluɓe akwatin da bargo. Da hantsi kuma ya fitar da ita rana kai tsaye cikin keji na waya mai inuwa a gefe guda, amma ba cikin gilashi ba, domin zafi zai taru ya hallaka ta.

Maman Zara: Ni abin da ya dame ni yaran ne. Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu, kuma tana da haɗari ga yaran da ba su kai shekara 5 ba. Dabbar nan tana iya kai mita ɗaya da rabi da wutsiyarta, ta kuma rayu shekara 15 ko fiye. Me zai hana ka tuntuɓi gidan namun daji na Jos ko za su karɓe ta?

Baban Ilham: Na gode, Hajiya, amma amana ba a kyauta da ita, kuma yarana ba sa taɓa ta. Malam, abincin da kake kushewa shi take ci tun tana Legas, kuma lafiya lau ta girma a kansa. Akwatin ma ƙanena ya kashe kuɗi mai yawa a kansa. Na taɓa kai ta wani asibitin dabbobi, aka karɓi kuɗina aka ce su karnuka da kaji suka sani. Ni dai ina ganin sanyi ne kawai, idan Fabrairu ta wuce za ta warware.

Malam Ɗanjuma: Ciwon ƙashi a hankali yake ginuwa, sanyi tona shi kawai ya yi. Ka je Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take, ko sashen likitan dabbobi na Jami'ar Jos, ka tambayi wanda ya saba da namun daji. Kuma har yanzu ba ka ce mace ce ko namiji ba, alhali mace tana yin ƙwai ko babu namiji, ta daina ci, ƙwan ma ya iya maƙale mata.

Baban Ilham: Wannan sai na tambayi ƙanena, amma yana cikin jarrabawa, ba na son in tayar masa da hankali yanzu. Kafin nan, ƙwan fitila mai zafi irin na ɗakin kaji ba zai wadatar ba?

Alhaji Mai Kaji: Ina da guda biyu da ba na amfani da su, idan ka shigo kasuwar Terminus ka neme ni.