Makina a mok ɗin UCAT ya ƙi motsawa, kuma sati biyar ya rage min

Ummi_Zee:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa rubuta UCAT, jarrabawar neman shiga karatun likitanci a jami'o'in Birtaniya, ko suka san kanta. Sati biyar ya rage min, na riga na kama rana a cibiyar jarrabawa ta Pearson VUE, kuma wallahi abin ya fara hana ni barci. Yau kusan sati uku kenan kullum sai na yi mok, wato jarrabawar gwaji, guda cikakke, wataran ma biyu, amma makina yana nan tsakanin 1740 da 1810 cikin 2700, yau ya hau gobe ya sauko, kwan-gaba kwan-baya kawai nake yi. Sashen karatu ne ya fi ba ni wahala, ban taɓa wuce 540 cikin 900 ba kuma ban taɓa kai ƙarshensa ba, ina kan labari na takwas ko na tara lokaci zai cinye. Lissafi da dama-dama, 620 zuwa 650. In ƙara yawan mok ɗin ne, ko dai akwai abin da nake yi ba daidai ba? Kun san sau ɗaya ake rubuta ta a shekara, in ba ta yi kyau ba sai baɗi.

Yaya_Sadiq:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ƙara mok ko ɗaya, rage su ma za ki yi. Ni na rubuta a 2022, lokacin akwai sashen zane-zanen nan da aka cire a 2025, jimillar maki 3600 ce ba 2700 ba, amma irin wannan makalewar taki na yi ta kusan wata guda, kuma abin da ya jawo min shi ne ina gama mok in kalli maki, raina ya ɓaci, in rufe kwamfuta, washegari in buɗe sabo. Toh me ya canja tsakanin jiya da yau? Babu. Mok ma'auni ne kawai, in kika hau sikeli sau goma a rana nauyinki na nan yadda yake.

Abin da ya fitar da ni: na koma mok biyu a sati, kuma duk wanda na yi sai na ba shi lokacin bita da ya fi lokacin rubuta shi. Na samu littafi na raba shafi gida uku. Tambayar da na faɗi don ban san yadda ake yi ba, wadda na faɗi don ban karanta da kyau ba, da wadda ban ma kai kanta ba. Har waɗanda na ci ina dubawa, don akwai wadda canka na yi Allah ya taimake ni, akwai kuma wadda na ci amma ta cinye min minti uku, ita wannan ta fi wadda na faɗi illa, tunda a minti ukun nan da na amsa shida masu sauƙi.

Ki lissafa da kanki. Sashen karatu tambaya 44 ne a minti 22, labarai 11, wato minti biyu kowane labari, daƙiƙa 30 kowace tambaya. Da gangan aka matse lokacin, ba a tsara shi don ki zauna ki karanta komai tsaf ba. Ke kuma kin ce kina tsayawa a na takwas ko na tara, ma'ana tambaya takwas zuwa sha biyu kike bari duk zama, kuma a cikinsu akwai masu sauƙin da ko kallonsu ba ki yi ba. A jarrabawar nan ba a rage maki in kin faɗi tambaya, saboda haka barin gurbi babu amsa asara ce tsagwaronta. In kika buɗe labari kika ga dogo ne, tambayoyinsa kuma irin masu cewa wanne marubucin zai fi yarda da shi, ki canki amsa, ki sa tuta, wato alamar za ki dawo kanta, ki wuce, in lokaci ya ragu ki dawo. Da farko zuciyarki ba za ta so ba, mu da muka saba a makaranta sai mun gama tambaya kafin mu taɓa ta gaba, amma sai kin koya wa kanki sakin tambaya.

Sai tambayoyin da zaɓinsu shi ne gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba za a iya sani ba. Nan ki ajiye iliminki a waje. Misali labari ya ce Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928, sai tambaya ta ce Fleming ya samu kyautar Nobel. Ke kin san ya samu, a 1945, hannunki har ya tafi kan gaskiya ne. Amma in labarin bai faɗa ba, amsar ita ce ba za a iya sani ba. Kuma ki sa ido kan ƙananan kalmomi, labari ya ce yawanci, tambaya ta ce duka, an riga an canja magana. Ni tambayar nake fara karantawa, in ɗauki suna ko shekara ko wata kalma mai saurin gani, in nemo ta a labarin, in karanta jimlar da ta gabace ta da wadda ta biyo ta.

Bash_QR:

Duk abin da Yaya Sadiq ya faɗa haka ne. Ni a lissafi zan sa baki, don 650 ɗin nan taki za ta iya tashi da sauri fiye da karatu. Tambaya 36 a minti 26, kusan daƙiƙa 43 kowace. Lissafin kansa ba mai zurfi ba ne, kaso ne da rabo da gudu da karanta tebur, kalkuletar kan allo ce ke cin lokaci. In da linzami kike danna lambobi ki daina yau, ki samu kibod mai lambobi a gefen dama ki saba da shi, ki haddace Alt+N na gaba, Alt+P na baya, Alt+F tuta, Alt+C kalkuleta. In a waya kike atisaye shi ma ki bari, a kwamfuta za ki rubuta.

Tarko biyu da suka yi ta kama ni: an ce marasa lafiya sun ƙaru da kashi 20 cikin ɗari sun zama 96, nawa ne da? Sai in cire kashi 20 daga 96 in samu 76.8, alhali 96 za a raba da 1.2, amsa 80. Na biyu minti 45 in rubuta 0.45 na awa maimakon 0.75. Ki haddace su 1/8 shi ne kashi 12.5 cikin ɗari, 1/6 kusan kashi 16.7, irin waɗannan ba sai kin taɓa kalkuleta ba.

Anti_Hauwa:

Ummi sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Ni ina koyar da ɗalibai masu shirin nan, kuma akwai inda na ɗan saba da Sadiq. Maganar canka ki wuce daidai ce ranar jarrabawa, amma in tun yanzu kullum gudu kike yi, yaushe za ki koyi yin tambayar daidai? Ina da ɗaliba da take faɗuwa rabin tambayoyin sashen yanke hukunci, muka cire agogo gaba ɗaya na kwana huɗu, sai ga shi ko ba agogo faɗuwa take yi, ashe matsalarta ba ta lokaci ba ce. An ce duk A B ne, wasu B kuma C ne, sai ta yarda wai dole wasu A su zama C, kuma ba dole ba ne. Sai da ta fara zana da'irori a kan allon rubutun tana gani da idonta sannan abin ya zauna. Wannan sashen ma shi ya fi sarari, tambaya 35 a minti 37, kuma masu jimla biyar na e ko a'a maki biyu ne, in kin kusa cinyewa a ba ki ɗaya, toh bai kamata a yi musu gaggawa ba. Ki gwada: tambaya ashirin ba agogo. In kin ci kusan duka, saurinki za ki gyara. In ba ki ci ba, hanyar za ki fara koya tukunna.

Sannan makin da ke hana ki barcin nan, wa ya ba ki shi? In na kamfanonin atisaye ne, ƙiyasi ne nasu, wani mok ɗin ya fi wani zafi, shi ya sa za ki ga 1810 yau 1740 gobe alhali ke ɗin dai ke ce. Ki riƙa rubuta tambaya nawa kika ci cikin nawa, da nawa kika bari, a kowane sashe. Kuma gwaje-gwajen da masu shirya UCAT ɗin suka sa kyauta a shafinsu ki adana su sai sati biyun ƙarshe, su suka fi kama da abin da za ki tarar.

Ummi_Zee:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Sadiq na yi abin da ka ce da mok ɗin jiya, na zauna kusan awa uku a kansa. A karatu na faɗi 21, amma 11 daga ciki ban ma buɗe su ba, kuma labari na uku shi kaɗai ya cinye min minti huɗu da rabi, na ci biyu kacal a cikinsa. Da na koma kan labarai biyun ƙarshe ba agogo, bakwai na ci cikin takwas, wallahi sai da na ji hawaye. Anti Hauwa, gwajinki kuma ya nuna a yanke hukunci tambayoyin yiwuwar faruwar abu ne ban iya ba sam, ko ba agogo. Tambayata ta ƙarshe, sashen sanin ya kamata fa, wanda ake ba ka wani yanayi na aikin likita a tambaye ka ko matakin da aka ɗauka ya dace? Ni ban taɓa ba shi lokaci ba tunda ba ya cikin 2700 ɗin, rukuni na 3 nake samu cikin rukunoni huɗu, na 1 ne mafi kyau.

Yaya_Sadiq:

Madalla, yanzu kin san inda ciwon yake. Amma sanin ya kamata kar ki yi wasa da shi, akwai jami'o'in Birtaniya da ba sa duba mai rukuni na 4 komai yawan makinsa, wasu kuma suna saka rukunin cikin lissafinsu, ke kuma kina 3, kin ga kina bakin gaɓa. Tambaya 69 ne a minti 26, kuma yana zuwa a ƙarshe lokacin da kai ya riga ya ɗau zafi. Ki nemi kundin ƙa'idojin aikin likita na GMC, hukumar da ke kula da likitoci a Birtaniya, wanda aka sabunta a 2024, kyauta ne a intanet, ki karanta shi sau ɗaya a natse. Za ki ga abu kaɗan ne ke ta maimaituwa, lafiyar mara lafiya gaba da komai, gaskiya, rufe sirri, da sanin iyakarki a matsayin ɗaliba. Abokiyarki ta ce ki sa mata hannu a takardar halarta ba ta zo ba, a rayuwa kunya za ta iya kama ki, a nan kuwa rashin gaskiya ne kai tsaye, kuma abin da ya fi dacewa yawanci shi ne ki ƙi, ki yi mata magana ita kaɗai tukunna kafin a kai sama. Amsar da ta kusa daidai ma tana da ɗan maki, saboda haka ki fara raba dacewa da rashin dacewa, sannan ki damu da ƙwarai ko kaɗan. Minti ashirin a rana ya ishe shi.

Kuma ki tuna a ranar jarrabawar za a miƙo miki sakamakonki a cibiyar, tun kafin 15 ga Oktoba da UCAS, hukumar da ake neman jami'o'in Birtaniya ta hannunta, ke rufe karɓar masu neman likitanci, kina da gurbi huɗu na likitanci, kuma jami'o'in ba ɗaya suke auna UCAT ba, wasu ita ce kusan komai wajen kiran intabiyu, wasu suna haɗa ta da sakamakon makaranta. In makin ya fito ki dawo da shi nan mu duba tare inda ya kamata ki nema. Yanzu dai sati nan ki ba tambayoyin yiwuwar nan kwana uku ba agogo kamar yadda Anti ta ce, ranar Asabar ki yi mok guda da dokar cewa babu labarin da zai wuce minti biyu da rabi, ki faɗa mana nawa kika bari.