Idan aka ce a sake katse layin waya a gabashin Sakkwato, mu yarda?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malami ne a wata sakandare a gabashin jihar nan, shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alli. Jiya a majalisarmu bayan la'asar wani ya ce maganin 'yan bindiga shi ne a sake rufe layukan waya kamar yadda aka yi a 2021, kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa maganar ta hana ni barci.

A watan Satumba na 2021, bayan an rufe na Zamfara gaba ɗaya, aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jiharmu. Tamu na ciki. A lokacin ina da wani ɗalibi maraya da ya ci JAMB da maki mai kyau. Duk abin da ya rage masa ta intanet ake yi: rajistar tantancewa ta jami'a, duba ko sunansa ya fito, da danna amincewa da gurbin karatu a shafin CAPS na hukumar JAMB. Da, da wayata muke dubawa a gindin dogon yaro idan an tashi daga makaranta. Da aka katse, sau uku yaron nan yana hawa mota zuwa cikin gari, kuɗin motar ma akuyar mahaifiyarsa aka sayar. Hanyar da ake tare mutane, ita muka tura shi ya bi. A tafiyarsa ta biyu har isha'i bai dawo ba, kuma babu wayar da za a kira. Mahaifiyarsa ta zo ƙofar gidana ta zauna, ba ta ce da ni uffan ba har tsakar dare. Ashe mota ce ta lalace, da hantsi ya iso lafiya. Amma har yau in na tuna zaman matar nan sai gabana ya faɗi.

Karatun yaranmu yanzu a kan waya yake rataye. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB. Tun 2021 ba ka rajista sai da lambar NIN, kuma sai ka tura saƙo zuwa 55019 da layinka kafin a ba ka lambar sayen fom. Daga Disamba 2020 muka sha layi cikin rana muna haɗa NIN da layukanmu, aka ce don a riƙa gano masu laifi. To tunda an san mai kowane layi, me ya hana a bi layin mai neman kuɗin fansa shi kaɗai, a bar wa sauran jama'a nasu?

Mai Gyaran Turke:

Wa alaikumus salam Malam. Aikina ke nan, hawa turakun sadarwa. Abu na farko, yawanci da wayar wanda suka kama suke kiran iyalansa, ko da layin da suka ƙwace a wani ƙauye. In ka bi NIN ɗin, gidan wanda aka zalunta za ka tarar. Na biyu, a cikin gari turaku kusa suke da juna, ana iya ƙuntata wa mai kira zuwa unguwa ɗaya, amma a karkara turke guda kan ɗauki kilomita da yawa, sai dai a ce yana cikin dajin nan. Ko an gane wurin, sai an samu wanda zai shiga ya same shi.

Rufewar kuma ba ta kama su yadda ta kama ku ba. A bakin iyaka, kamar Illela da ke kallon Birnin Konni, layin Nijar yana tsallakowa, kuma hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ba ta da iko da shi. Mai babur da bindiga ya fi kowa sanin tudun da ake samun sabis.

Dattijon Goronyo:

Malam, Allah shi ba ka ladar yaran mutane. Ni kam gaskiya na goyi bayan rufewar sa'ad da anka yi ta, kuma ina da dalili. Masu tsegunta musu labari suna cikinmu. Ka sai da sa yau, gobe da dare an zo maka, wa ya gaya musu? Soja su taso, kafin su iso an buga waya daji. Wanga abu shi ya sa munka ce a rufe.

Amma ranar 17 ga Oktoba 2021 anka shigo kasuwar Goronyo anka kashe mutum fiye da 40, babu wanda ya iya kiran agaji. Ina garin. Bayan nan gwamnatin jiha da kanta ta roƙi a maido da layin. Yau in an tambaye ni, sai in ce in za a rufe, a rufe na kwana biyu ko uku sa'ad da soja ke cikin daji suna aiki, a buɗe da sun fito. Rufewar wata da watanni kam, a'a.

'Yar Jami'ar Ɗanfodiyo:

Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ni na yi aikin wucin gadi a zaɓen 2023. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe ko babu sabis, amma ɗora hoton takardar sakamako a shafin IReV na hukumar zaɓe sai da intanet. Wato ƙauyen da ba shi da layi, har ƙuri'arsa tana cikin duhu. Don haka duk ɗan takarar da ya zo garinku, ku tambaye shi a gaban jama'a matsayinsa kan rufe layi, da abin da zai yi wa turakun da aka daina zuwa zuba musu mai saboda tsoro.

Malamin Lissafi:

Na gode ƙwarai. Injiniya, ka warware mini abin da na daɗe ina zargi a kansa ba tare da sani ba. Baba, maganarka ta kwana biyu ko uku zan kai majalisa yau, don ta fi tawa nauyi, kai ka ga abin da ban gani ba. Sai dai zan ƙara da cewa kada a yi shi lokacin rajistar jarrabawa ko fitar sunaye, kuma a sanar da shugabannin makarantu ko da ta bakin uban ƙasa ne.

Yaron nan ya samu gurbin, yanzu in ya zo hutu shi ke taya ni koyar da 'yan aji shida. Su 38 ne bana, kuma bakwai kacal suka taɓa sa hannu a kwamfuta. Muna da farantin sola ɗaya da batir. Duk mai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ya ajiye, ko da batirinta ya mutu, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ina shigowa cikin gari ranar Asabar, zan zo in karɓa da kaina.